Haruffa Uku a Jikin Motar Kawu

Bungudu, 14 ga Satumba, 2021

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali in akwai, don mu dai ba a taɓa gaya mana ba. Luba ce, ɗiyar Kawunka Mamman, wadda ka bari tana sakandare. Yanzu ina koyarwa a firamare a nan Bungudu, ina da yara biyu, duk muna lafiya. Inna Talatu ma lafiya lau, sai ciwon ƙafa.

An katse mana layukan waya tun farkon watan nan, kuma ko ba a katse ba, babu mai lambarka a gidan nan. Mahadi direba, mai jigilar kaya tsakanin Gusau da Legas, shi ya ce yana ganinka a kasuwar kayan mota, ya kuma yarda ya kai maka wannan takarda hannu da hannu.

Baba ba shi da lafiya. Tun farkon damina ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar take fita. Duk Talata ana kai shi asibiti Gusau ana gasa masa jiki. Motarsa 406 da ka sani ita ke kai shi, to makon jiya ta tafasa a hanya, ruwa ya haɗe da baƙin mai. Tana garejin Sadiƙ bakanike a Gusau. Ya ce kan injin ya lanƙwashe, waɗanda ya samu a gari kuma duk an taɓa wanke su sun gaji. Talatar nan a motar haya muka kai Baba, mutum huɗu a baya, shi a tsakiya. Da muka sauka na ga hawaye a gemunsa.

Na san abin da ya faru tsakaninku. Baba bai san na rubuto ba. In ka ƙi, ba zan ga laifinka ba. In kuma ka yarda, to ka tuna kai ɗan mace ne, ni ɗiyar namiji, aikin gidanmu dole ne a kanka ko kana bakin teku.

Taubashiyarka,
Luba

Legas, 23 ga Satumba

Luba,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni a cikin kwantena, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, sai da na nemi omo kafin in buɗe. Lafiyata lau in ban da baya. Iyali akwai, mata ɗaya da ɗiya ɗaya, na sa mata sunan Innata, Hafsatu. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa kaffara ce. Da zuciya ɗaya na yi wannan addu'a, kada ki yi shakka.

Kin ce kin san abin da ya faru. Abin da aka faɗa a tsakar gidanku kika sani. Bari in faɗa miki nawa sau ɗaya, ba zan sake ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan motar nan ta yi mako uku a garejina a Tsafe, na buɗe injinta na yi mata aiki. Bayan wata biyu Kawu ya kai ta Gusau zai sayar. Dillali ya karanta takardun, ya ɗaga bonat, ya ce takarda ta ce babban inji, ga ƙarami a ciki. Kawu bai zo Tsafe ya tambaye ni ba. Sai da na sauka a tashar Bungudu na zo gaishe shi, a gaban direbobi da masu lodi ya ce, “Yaron ga ni na kai shi Kaduna ya koyi aiki, shi ne ya fara da ni. Ya cire min inji ya sayar.” Daga ranar ko faci ba a sake kawo min ba. Bayan wata huɗu na rufe garejin. Bayan shekara biyu Innata ta rasu, tana ƙanwar Alhaji Mamman, kuma tana uwar ɓarawon inji. Injin da na tarar shi na mayar, Luba. Ba ni da abin nunawa, shi ya sa na tafi.

Amma tsoho mara lafiya a matse a motar haya wata magana ce daban. Zan nemo kan injin.

Sai dai ba a aika kan inji da ka. Mutanenmu na cewa 406 ai 406 ce. Jikin ne ɗaya, injunan iri-iri ne, kuma kan wannan ba ya zama a wancan. Kowace mota tana da lambar casis, haruffa da alƙaluma goma sha bakwai, tata za ta fara da VF3. Ki ƙirga daga hagu, na shida da na bakwai da na takwas su ne sunan injin da aka haifi motar da shi. In kin ga LFY, ƙaramin ne. RFV babban ne na farkon fitowa, RFN babban na baya. Wannan shi ne aikina a nan, maigidana yana sauke injuna daga jirgi, ni nake ware su. Da na san wannan karatun tun ina Tsafe, da wataƙila na san abin da zan tambayi dillalin nan.

Ki kwafo min lambar. Sannan ki ba ni amsar wannan: a ranar, Kawu ya rantse sai ya jefar da injin nan ya mayar mata da irin nata. Ya yi?

Maganar dole kuwa, wanda ake roƙo da takarda daga Bungudu har Legas ki duba ko shi ne bawan.

Hamidu

Bungudu, 2 ga Oktoba

Yaya Hamidu,

Na gode, Allah ya saka. Muna lafiya, Baba yana nan yadda yake, sai dai yanzu yana iya riƙe kofi da hagu. A shafa min kan Hafsatu. Da na gaya wa Inna sunanta, shiga ɗaki ta yi, ta daɗe ba ta fito ba.

Na karanta takardarka sau uku. Ba haka aka ba mu labarin ba.

Lambar ba ta ba ni wahala ba. Ta fara da VF38BRFV, sauran na rubuta maka da manyan baƙi a bayan takarda. Na ƙirga yadda ka ce, RFV ke nan. Ka ga taubashiyarka ba ta zama malama a banza ba.

Tambayarka kuwa, Inna ta ce bayan tafiyarka Baba ya fasa sayar da motar, ya kai ta Gusau aka yi aikin inji kusan wata guda, tun daga nan ba ta sake ba da matsala ba sai yanzu. Iyakar abin da na samu ke nan, don ba zan iya tambayarsa ba.

An ce waya ta dawo a cikin Gusau. Ka aiko da lambarka, in na kai Baba asibiti sai in kira.

Luba

Legas, 11 ga Oktoba

Luba,

Gaisuwa da fatan alheri. Hafsatu tana amsawa, ta ce wace ce Luba, na ce wata baiwa ce da muka bari a gida.

RFV. To dillali bai yi ƙarya ba ke nan, da babban inji aka haife ta. Wani ya cire shi kafin ta zo hannuna, ko a Turai ko a Kwatano, kuma wannan mutumin yana can yana cin tuwonsa lafiya, ba zan taɓa saninsa ba. Na ɗauka abin ya daina yi min zafi. Ranar da takardarki ta zo ban iya cin abinci ba.

Tunda an yi aikin wata guda a Gusau, Kawu ya cika rantsuwarsa ke nan. Na zaɓo kan babban inji daga cikin guda tara, na auna shi da hannuna, bai taɓa ganin wuta ba. Yana cikin kwali wajen Mahadi, da gaskit ɗinsa, shimfiɗar da ake sawa tsakaninsa da jikin injin. Ki ce wa Sadiƙ ya duba lagireto kafin ya tayar, abin da ya tafasa ta yana nan yana jira.

Lambar waya ki bar ta. Takarda ba ta katse mutum, kuma ba ta miƙa wa wani ta ce ga shi ku gaisa.

Hamidu

Bungudu, 24 ga Oktoba

Yaya Hamidu,

Bayan gaisuwa. Kaya sun iso, amma ban san ta inda zan fara ba.

Kan injin bai zauna ba. Sadiƙ ya ce na babba ne, injin da ke cikin motar kuwa ƙarami ne, shi ne dai na da. Ashe aikin da aka yi a Gusau gyara ne kawai, ba a canza komai ba. Wannan laifina ne, na ba ka amsar da ban tabbatar ba.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sadiƙ bakinsa ba ya rufuwa, direbobin Bungudu kuma a garejinsa suke shan shayi. Kafin kwana biyu magana ta cika tasha. Wani mai lodi ya tare ni ina jiran mota ya ce, “Malama, an ce Hamidu ya fara biya da kaɗan-kaɗan. Ya aiko kan injin da ya ɗauke, saura gangar jikin.” Aka yi ta dariya. Tsofaffin da suka zo duba Baba suka kai masa har kan gado. Ya dube ni ya daɗe, na ce ni ce na rubuta maka. Ya yi ta ƙoƙari, kalma ɗaya ta fita: “Izgili.” Ya juya fuska bango. Talatar da ta wuce ya ƙi zuwa asibiti.

Ni ban yarda da gangan ka yi ba. Amma kai ka taɓa buɗe injin nan, ka san ƙarami ne. Inna ta ce in tambaye ka kai tsaye, to na tambaya.

Luba

Legas, 7 ga Nuwamba

Luba,

Mahadi ya zo ya koma sau ɗaya ban ba shi amsa ba. Na rubuta wata takarda a ranar, Allah ya taimake ni na yaga ta. Ina fatan kuna lafiya, ina fatan Kawu ya koma asibiti. Ki gaya masa ƙafarsa ba ta yi masa laifi ba.

Ba da gangan na yi ba. Da izgili nake so, da ban ɗauki kwana biyu ina auna ƙarfe da bayan nan nawa ba. Amma ina da nawa laifin. Amsarki ba ta ce an canza inji ba, ni na karanta haka, don ba na son in sake tambaya a kan injin nan. Wanda ya san aikinsa cewa zai yi a duba jikin injin kafin ya aika komai. Na bar zuciya ta yi min aikin ido. Sai ga shi bayan shekara goma sha ɗaya na aika wa tashar Bungudu abin dariya da hannuna, har da gaskit.

Da fushin ya sauka sai wani abu ya tsaya min. Kin ce lambar ba ta ba ki wahala ba. Mota tana Gusau, ke kina Bungudu. Lambar casis a jikin ƙarfe take, cikin bonat, a tsohuwar mota kuma maiƙo da tsatsa sun rufe ta, ni kaina sai na kankare nake gani. Daga ina kika kwafo ta? In daga takardun mota ne, ba laifinki ba ne, ni ne ban ce daga ina ba.

Ga abin da nake so. Ki je garejin da kanki, kada ki aika. Sadiƙ ya nuna miki inda aka buga lambar a jikin motar, ya wanke wurin da fetur. Ki ɗora farar takarda a kai, ki kwantar da bakin fensir ki yi ta gogawa a hankali har baƙaƙen su fito farare. Kada ki rubuta da hannu, gogen nake so. Sannan a jikin injin ma akwai wuri mai santsi da aka buga haruffa uku da wasu alƙaluma, shi ma ki goga. Ki aiko min duka biyun.

Wataƙila ba komai. Na saba da ba komai.

Hamidu

Bungudu, 16 ga Nuwamba

Yaya,

Ka zauna kafin ka karanta.

Daga takardun na kwafo, suna cikin jakar Baba ta fata. Na ɗauka takarda da mota abu ɗaya ne.

Na je garejin ranar Asabar. Sadiƙ yana ta cewa, “Malama, za ki ɓata hijabinki a banza,” na ce masa hijabina ne. Fensir biyu na karya. Ga gogen nan biyu a ciki, na sa su tsakanin kwali kada su goge. Ban jira ka ba, na ƙirga da kaina a tsaye a wurin. Na shida, na bakwai, na takwas a jikin motar: LFY. A jikin injin: LFY. Na fito da takardun Baba na jera, ba haruffa ukun nan kaɗai ba, alƙaluman ƙarshen ma ko kusa ba su yi kama ba. Sadiƙ ya karɓa ya duba ya sake dubawa, ya ce, “To ai injinta ne. Takardun ne ba nata ba.”

Da na dawo na sami Inna tana tsince wake, na ce, “Inna, motar Baba guda nawa ce?” Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Wa ya aike ki?” Na ce ba kowa. Sai ta ce biyu ce.

Lokacin kana Kaduna wajen koyon aiki, Baba ya sallami direbansa ya ce shi zai riƙa tuƙa kansa, alhali idonsa ya fara rauni, kowa ya hana shi ya ƙi. Yana dawowa daga Tsafe ya kauce wa shanu wajen Kwatarkwashi ya faɗa rami. Allah ya tsare shi, amma motar ta tashi daga aiki. Kunya ta hana shi faɗa. Ya ce wa gida an kai ta Kano gyaran jiki, ya je can ya sayo wata mai launin toka irinta sak, aka cire lambar tsohuwar aka ɗaura mata, ya ci gaba da riƙe takardunsa. Inna ta gane tun ranar, don ta taɓa ƙona kujerar baya da kaskon turare, wannan kuwa ta dawo ba tabo. Ta yi shiru don kada ta kunyata shi.

Na ce, “Inna, da aka ce Yaya Hamidu ya saci inji fa?” Ta ce, “Mi ya haɗa wannan da wancan? Ba iri ɗaya ba ce?” Wallahi Yaya ba ta sani ba. Da na yi mata bayani, waken ya zube daga faifan, ta ce, “Hafsatu,” ta rufe fuska. Innarka take nufi.

Ban gaya wa Baba ba. Ya koma asibiti, amma jininsa yana hawa. Kai aka zalunta, kai za ka ce yadda za a yi.

Luba

Legas, 25 ga Nuwamba

Luba,

Ina gaisuwa. Ki gaida Inna Talatu, ki ce mata ban riƙe ta ba. Mace ta rufa wa mijinta asiri, ba ta san da wa ta rufe ba.

Na zauna kamar yadda kika ce, a kan wani tsohon giyabos. Gogenki ya fito tsaf, kin fi rabin ma'aikatan kasuwar nan hannu. Na daɗe ina kallon haruffa ukun nan. Suna nan a jikin ƙarfe ranar da dillali ya ɗaga bonat, tazararsu da hannunsa ba ta kai kamu ɗaya ba. Suna nan ranar tasha. Suna nan duk makonni ukun da na yi ina kwance a ƙarƙashinta a Tsafe. Ba wanda ya iya karanta su, har da ni.

Na ɗauka in ranar nan ta zo zan yi murna. Gajiya na ji. Na koma gida da rana tsaka, matata ta ɗauka zazzaɓi ne.

Zan yi wa Kawu adalci. Bai yi min ƙage ba, ya yarda da abin da ya faɗa. A wajensa takarda da lamba na mai mota ne, kamar hula, in ka canza riga sai ka mayar da ita kanka. Rabin masu motocin da na sani a gida haka suke gani. Amma ya san akwai wata mota. Da ya ce wa dillalin nan, “Ka duba dai, an taɓa canza ta,” da magana ta ƙare a Gusau. Ya gwammace a ce ɗan ƙanwarsa ɓarawo ne da a ce idonsa ba ya gani. Ko bai haɗa biyun a ransa ba, wannan shirun nasa ne, ba zan ɗauke masa shi ba.

Kan injin LFY yana wajen Mahadi. Wannan karon na gwada shi a kan irin injinsa kafin in ɗaure kwalin. Ba shi da sharaɗi, ko me ya biyo baya a ɗaura a kai tsoho asibiti. Wancan kuma a ba Mahadi ya dawo min da shi, kada ya zama abin nuni a garejin Sadiƙ. In hali ya yi ku nemi a gyara takardun, kafin su sake cin wani.

Abin da nake so kuwa, ba na son a rubuto min ban haƙuri, ba na son a taru a zaure a ce a yafi juna. A tasha aka faɗa, a tasha nake so a warware, da bakin wanda ya faɗa. Amma ki fara tambayar likitansa. In ya ce maganar za ta kayar da shi, ki bar ta, ki adana takardun nan biyu, wata rana ki nuna wa ɗiyata. Na ɗauki abin nan shekara goma sha ɗaya, na san yadda ake ɗaukarsa. Ba zan karɓi sunana da ran Kawu ba.

Hamidu

Bungudu, 9 ga Disamba

Yaya Hamidu,

Muna lafiya, mota ta tashi, ko tari ba ta yi.

Ban kai ga tambayar likita ba, Inna ta riga ni. Ranar da aka kawo motar ta shiga ɗakinsa ta ce, “Alhaji, na ga kujerar baya tun ranar da ka dawo Kano.” Sannan ta kira ni da takardun. Na ɗora masa gogen a cinya, da takardunsa a gefe, na bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar ina koya wa ’yan aji ɗaya. Ya ce, “Takarduna ne.” Na ce, “Naka ne Baba, amma na wadda ta faɗa rami ne.” Ya sa na maimaita sau biyu. Bai ci abinci ba ranar. Na ji tsoro, na yi ta auna jininsa. Ban gaya masa abin da ka nema ba, ko kalma ɗaya.

Shekaranjiya Talata muna dawowa daga asibiti, yana gaba, maƙwabcinmu yana tuƙi. Da muka zo daidai tasha sai ya fara dukan gaban motar da hannun hagu. Muka tsaya. Ya nuna a shiga ciki. Direbobi suka taso gaishe shi, masu lodi ma, har da mai maganar gangar jiki. Ya nuna a ɗaga bonat. Sannan ya fara magana, ba wanda ya gane. Ya sake, yawu yana zuba, na kai hannu zan goge ya ture ni. Tsohon shugaban tasha ya sunkuyo ya kara kunne a bakinsa. A na ukun ta fita, kowa ya ji: “Hamidu bai taɓa ba. Ni na canza mota.”

Shugaban ya miƙe ya maimaita da ƙarfi, ya ce wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman motocin Tsafe. Mutane suka yi ta leƙa cikin bonat suna neman haruffan, sai ga ni ina koya wa direbobi ƙirga na shida da na bakwai da na takwas. Uku sun ce in duba musu nasu.

A gida ya ce yana son zuwa Tsafe, maƙabarta, wajen ƙanwarsa. Na ce Talata mai zuwa in an fito asibiti sai mu wuce. Ya girgiza kai. Ya ce, “Shi zai tuƙa.”

Na faɗa maka yadda ya faɗa. Ban ƙara ba, ban roƙa ba.

Luba

Legas, 18 ga Disamba

Luba,

Gaisuwa gare ki da Inna da Kawu. Na karanta wa matata takardarki, da na kai wajen maganar shugaban tasha na miƙa mata, ita ta ƙarasa.

Da Innata aka faɗa wa wannan tana raye, da ya fi. Wannan ba zai gyaru ba, kuma ba zan yi kamar ya gyaru ba. Amma mutum mai rabin jiki ya faɗa sau uku har ta fita, alhali ba wanda ya tilasta shi. Na karɓa.

Maigidana ya ba ni kwana goma bayan an sauke kwantenar ƙarshen wata. Zan biyo Mahadi, da Hafsatu, ta ga inda sunanta ya fito. Ki ce wa Kawu zan tuƙa. Hanyar Tsafe ta Kwatarkwashi ta bi, in mun zo wurin ya nuna min ramin, ba zan ce komai ba, so nake in gani kawai. Ki sa a sa masa matashi a kujerar gaba, kuma kada Sadiƙ ya taɓa komai a injin nan kafin in zo, ina so in ji kukansa da kunnena.

Lambar wayata tana bayan takardar nan. In kin kira, kina iya miƙa masa.

Hamidu